Zare: yadda kalmar "faranoya" ta taso daga kotun Atina ta shigo bakinmu

1/ Kalmar nan "faranoya" ta zama ruwan dare a nan. Budurwa ta tambayi saurayinta wa ke kiransa ƙarfe ɗayan dare, ya ce faranoya ke damunta. Wani ya ce shi kam ba zai bi hanyar Birnin Gwari da magariba ba, abokai su ce ya cika faranoya. To kalmar ta haura shekara 2,400 a duniya, kuma tarihinta ba mai daɗi ba ne. Ku gyara zama. 🧵

2/ Abu ɗaya nake so ku dinga lura da shi har mu gama. Akwai cuta ta gaske da ake kira da wannan suna, tana wahalar da mutane da iyalansu. Amma sau da yawa a tarihi, idan ka ji an jefi wani da kalmar, ka duba da kyau za ka ga akwai mai son a daina sauraronsa.

3/ Asalinta Girkanci ne. "Para" na nufin gefe, "nous" na nufin hankali. Wato hankali ya koma gefe, kamar dai yadda muke cewa hankalinsa ya gushe, ko ya zautu. Babu maganar zargi ko maƙiya a ciki ko kaɗan. Marubuta wasan kwaikwayo suna nufin hauka ne kawai, likitocinsu kuma har sambatun mai zazzafan zazzaɓi suna kira da ita.

4/ Inda abin ya fara ɗaukar hankalina shi ne kotu. A birnin Atina akwai ƙara ta musamman da ake kira ƙarar faranoya. Ɗa zai iya maka mahaifinsa a gaban alƙalai ya ce tsohon ya ruɗe, yana ɓarnatar da dukiyar gida. In kotu ta yarda, sai a karɓe ikon dukiyar daga hannun uban. Kun ga tun farko kalmar tana tafe da maganar gado.

5/ Akwai labarin da Cicero da Plutarch suka kawo kan Sophocles, babban marubucin wasan kwaikwayo da ya rasu a 406 kafin haihuwar Annabi Isa, yana da kusan shekara 90. Wai 'ya'yansa sun kai shi kotu kan ya ruɗe. Tsohon bai yi dogon musu ba, ya karanta wa alƙalai wani ɓangare na sabon wasan da yake rubutawa, ya ce su faɗa ko aikin ruɗaɗɗe ne. Suka sallame shi. Masana tarihi da yawa suna ganin ƙirƙira ce, amma ita dokar ta wanzu.

6/ Daga nan kalmar ta yi barci na ɗaruruwan shekaru. Cutar dai ba ta yi barci ba, suna ta canza. Ibn Sina, a littafinsa na likitanci, ya lissafa mummunan zato da tsoro ba dalili da saurin fushi cikin alamomin farko na cutar da suke kira malikhuliya. Likitocin Turai sun daɗe suna karatu da fassarar littafin nan.

7/ Mu tsallaka Landan, ƙarshen 1796. Wani ɗan kasuwar shayi, James Tilly Matthews, ya shiga majalisar dokoki, daga wurin zaman 'yan kallo ya ɗaga murya yana zargin wani babban minista da cin amanar ƙasa. Farkon 1797 aka kulle shi a Bethlem, tsohon gidan mahaukata na birnin.

8/ Ga abin da ya yi imani da shi: akwai wata na'ura a ɓoye ƙarƙashin ƙasa kusa da asibitin, ya kira ta masaƙar iska. Wasu gungun miyagu ne ke sarrafa ta da iskar gas da maganaɗisu, suna cusa masa tunani, suna azabtar da jikinsa daga nesa, kuma da irinta suke juya 'yan siyasa. Ya san sunan kowane ɗan gungun da aikinsa. Ya zana na'urar dalla-dalla, zanen yana nan har yau, ku nema ku gani. Sai ka rantse injiniya ne ya yi.

9/ Amma ku ji wannan. Mutumin da gaske ya je Faris lokacin juyin juya halin Faransa yana ƙoƙarin sasanta ƙasashen biyu, kuma da gaske Faransawa sun tsare shi kusan shekara uku suna zargin ɗan leƙen asiri ne. A 1809 danginsa suka kawo likitoci biyu daga waje, suka duba shi suka ce lafiyarsa ƙalau. Ba a sake shi ba. Likitan Bethlem, John Haslam, ya buga littafi a 1810 don ya nuna wa duniya cewa mahaukaci ne.

10/ Ni a ganina masaƙar iska cuta ce, babu tantama. Sai dai an gina ta ne a kan abin da ya faru da shi da gaske. Wannan zai sake dawo mana.

11/ Ku kuma lura cutar tana aron kayan zamaninta. Zamanin masaƙa da gas, masaƙa da gas ce. Da rediyo ya zo, sai marasa lafiya suka koma cewa ana turo musu saƙo ta iska. Bayan fim ɗin The Truman Show na 1998, likitoci suka fara ganin masu imani cewa rayuwarsu shiri ce da ake haskawa a talabijin. Yau kuma waya ce: an yi min kutse, suna jina ta caja, duk fostin da ake yi da ni ake.

12/ Jamusawa ne suka tashi kalmar daga barci. Johann Heinroth ya yi amfani da ita a 1818, sannan Karl Kahlbaum a 1863 ya ba ta ma'anar da ta kusanci ta yau: mutum ya kafe kan wani zato na ƙarya, alhali sauran hankalinsa yana aiki. A Faransa kuma Charles Lasègue ya rubuta kan masu jin ana farautarsu a 1852. Cikin 'yan shekaru kalmar ta zama abin yayi, kowane asibiti da yadda yake fassara ta.

13/ Sai 1886, shekarar da aka tsige sarki da ita. Ludwig na Biyu, sarkin Bavaria a kudancin Jamus. Ba ya son zaman fada, ba ya son ganin ministoci, yana barci da rana ya fita da dare. Gini kawai ya sa a gaba. Wannan fadar ta kan dutse da kuke gani a hotuna, Neuschwanstein, shi ya gina ta. Ya ci bashin miliyoyi, yana neman ƙari, har yana barazanar korar ministocinsa.

14/ Ministocin suka riga shi. Suka samo likitoci huɗu ƙarƙashin Farfesa Bernhard von Gudden, suka sa hannu a rahoto cewa sarki yana da faranoya, ba ya warkewa, ba zai iya mulki ba har ƙarshen rayuwarsa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya duba shi. Da maganganun barorin fada aka haɗa rahoton. Ɗaya daga cikin likitocin ma surukin Gudden ne.

15/ Mu da muka san yadda ake haɗa takardar tuhuma idan an riga an yanke shawarar cire sarki, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

16/ Aka naɗa baffansa Luitpold riƙon ƙwarya, aka kai Ludwig wani gida a bakin tafkin Starnberg. Ranar 13 ga Yuni 1886 da yamma ya fita tattaki shi da Gudden, su biyu kawai. Cikin dare aka tsinci gawarsu duka a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Sarkin yana da shekara 40. Har yau mutanen Bavaria suna gardama a kan abin da ya faru. Fadar da aka ce alamar hauka ce, yanzu sama da mutum miliyan ke zuwa kallonta a shekara.

17/ Wani tsohon mataimakin Gudden, Emil Kraepelin, shi ne ya zo ya yi wa kalmar shinge. A bugun littafinsa na 1899 ya raba manyan cututtukan ƙwaƙwalwa gida-gida. Ya ware cutar da daga baya Eugen Bleuler ya raɗa wa suna sikizofireniya, ya ware mai hawa da saukar yanayi, sannan ya bar wa faranoya ɗan ƙaramin fili.

18/ A wurinsa faranoya ita ce: zato ɗaya da ya ginu a hankali, ya yi rassa, ya kafu ba ya girgiza, amma tunanin mutum da maganarsa da aikinsa duk a tsare. Zai je kasuwa, zai yi lissafi daidai, zai yi hira da kai awa biyu ba ka ga komai ba. Sai an taɓo wurin. Shi ya sa dangi kan yi shekaru ba su gane ba, su ce ai halinsa ne.

19/ Kuma ba lallai maganar maƙiya ba ce. Wani ya kafe cewa matarsa tana cin amanarsa, kowace tari da ta yi ishara ce ga wani. Wata ta kafe cewa wani shahararren mutum yana sonta a ɓoye. Wani ya tabbata shi jinin sarauta ne aka sace shi yana jariri. Wani kuma kotu ce gidansa, ƙara bayan ƙara har dukiya ta ƙare.

20/ Mara lafiyar da ya fi shahara a wannan fanni alƙali ne. Daniel Paul Schreber, wanda aka ba babban muƙami a kotun ɗaukaka ƙara ta Dresden a 1893. 'Yan makonni da kama aiki barci ya ƙaurace masa, ya faɗa ciwo. Ya yi imani likitansa, Paul Flechsig, yana kashe masa rai, wasu haskoki daga sama suna magana da jijiyoyinsa, kuma ana mai da jikinsa na mace don ya ceci duniya.

21/ Duk da haka, yana tsare a asibiti ya rubuta hujjojinsa na shari'a da kansa, ya ƙalubalanci hukuncin da ya karɓe masa ikon kansa, kuma ya yi nasara a 1902. Bai janye imaninsa ba fa. Hujjarsa ita ce: abin da na yarda da shi bai hana ni kula da kaina da dukiyata ba, kuma ban cutar da kowa ba. Kotu ta yarda. A 1903 ya buga littafin tarihin ciwonsa.

22/ Sigmund Freud ya karanta littafin ya fitar da sharhi a 1911, bai taɓa ganin mutumin ido da ido ba. Ya ce tushen abin sha'awar namiji ce da Schreber ya danne. Likitocin yau ba su tafi a kan wannan ba. Abin da ya saura daga sharhin shi ne tunanin cewa mutum yakan ɗauki abin da ke cikinsa wanda ba ya iya kallo, ya ɗora wa wani. Kakanninmu sun hango gefen wannan da suka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

23/ Tarayyar Sobiyet kuma labarin kashi biyu ne. Na farko mai mulki ne da zargi ya cinye. A 1937 da 1938 kaɗai, takardun gwamnatin Stalin sun nuna an harbe sama da mutum 680,000 da sunan maƙiyan al'umma. A Janairun 1953 aka sanar wai likitocin manyan gwamnati suna shirin kashe shugabanni, aka kama su. Da ciwo ya kayar da Stalin a Maris, wasu daga cikin ƙwararrun likitocin ƙasar suna kurkuku.

24/ Akwai jita-jitar da ta daɗe tana yawo cewa babban likitan ƙwaƙwalwa Vladimir Bekhterev ya duba Stalin a Disambar 1927 ya ce yana da faranoya, kwana ɗaya ko biyu ya mutu. Mutuwar ba-zata a Mosko gaskiya ce. Sauran jita-jita ce, ku ɗauke ta a haka.

25/ Kashi na biyu shi ya fi ba ni tsoro. Gwamnati ce ta koma jifan masu sukarta da kalmar. Janar Pyotr Grigorenko, wanda ya yi yaƙin duniya na biyu, ya fara sukar shugabanni. A 1964 aka kai shi cibiyar Serbsky a Mosko, likitoci suka rubuta cewa yana da faranoya tare da tunanin kawo gyara. E, son gyara ƙasa ya zama alamar cuta. Aka cire masa muƙami aka kulle shi.

26/ Da ya fito sai ya ɗauki maganar Tatar ɗin Kirimiya, Musulmin da Stalin ya kwashe daga ƙasarsu a 1944. A 1969 aka sake kama shi, ya yi shekara biyar a asibitin mahaukata. Bayan ya isa Amurka ya nemi likitocin can su duba shi, suka ce ba su ga ciwon hauka ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya ta yi tir da Sobiyet a 1977, su kuma suka fice daga ƙungiyar a 1983 kafin a kore su.

27/ Afirka fa? A zamanin mulkin mallaka, likita J. C. Carothers ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi a 1953 kan "tunanin ɗan Afirka", kamar duk nahiyar kai ɗaya gare ta. A 1954 ya rubuta wa gwamnatin mallaka ta Kenya rahoto kan 'yan Mau Mau, ya mai da tawayen matsalar ƙwaƙwalwar Kikuyu. Maganar gonakin da aka ƙwace ta koma gefe.

28/ Wanda ya tsaya ya mayar da martani da aiki ɗan Najeriya ne, Thomas Adeoye Lambo, na asibitin Aro a Abeokuta. A 1955 ya buga bincike kan rawar al'ada a cututtukan faranoya tsakanin Yarabawa. Ya nuna cutar iri ɗaya ce da ta ko'ina, amma abin da take ɗauka ta yi gini da shi na gida ne: mayu, asiri, dangi. Waɗanda suka yi boko kuwa zatonsu ya fi kama da na Turawa.

29/ Wannan ya buɗe tambaya mai wuya. In duk gari sun yarda akwai sammu, wanda ya ce an yi masa sammu mara lafiya ne? Amsar da likitanci ya tsaya a kai har yau: a'a. Imanin da al'ummar mutum ta yarda da shi ba a lissafa shi cikin cuta. Abin dubawa shi ne yadda ya riƙe shi. In har malaminsa da mahaifiyarsa, waɗanda su ma sun yarda da sammu, suna cewa wannan kam ya wuce gona da iri, to a nan ake tsayawa.

30/ Lambo ya fara wani tsari a 1954: mara lafiya ya zauna a ƙauyukan da ke kewaye da Aro tare da ɗan'uwansa, ya dinga zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle shi. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin takaici ɗalibai da yawa a nan ba su taɓa jin sunansa ba.

31/ To yaya kalmar ta fito daga asibiti ta shigo titi? Amurka, 1964. Masanin tarihi Richard Hofstadter ya buga maƙala a mujallar Harper's kan salon faranoya a siyasar ƙasarsa: masu ganin duk abin da ya faru a tarihi wata ɓoyayyar ƙungiya ce ta shirya. Ya faɗa ƙarara cewa aron kalmar ya yi, ba cewa yake mutanen nan marasa lafiya ba ne. Jama'a suka ɗauki aron suka manta gargaɗin.

32/ A shekarar dai wata mujalla mai suna Fact ta aika wa likitocin ƙwaƙwalwa sama da 12,000 tambaya: ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater yana da lafiyar mulki? 1,189 suka ce a'a, wasu suka kira shi mai faranoya. Ba wanda ya duba shi. Gudden sak. Ya kai ƙara ya ci, kuma a 1973 ƙungiyar likitocin ta hana mambobinta yi wa wanda ba su duba ba hukunci a bainar jama'a.

33/ Daga nan waƙa da fim da kasuwa suka karɓa. Ƙungiyar mawaƙa ta Black Sabbath ta sa wa kundinta sunan a 1970. A 1996 shugaban kamfanin Intel, Andy Grove, ya fitar da littafin da takensa ke cewa masu faranoya ne kaɗai ke tsira. Kalmar da aka tsige sarki da ita ta koma yabon ɗan kasuwa mai sa ido.

34/ Yanzu labarai biyu da ya kamata duk mai saurin jefa kalmar ya sani. Ernest Hemingway, marubucin da ya ci kyautar Nobel, a shekararsa ta ƙarshe ya dinga cewa FBI na bibiyarsa, suna sauraron wayarsa. Abokai suka ce ciwo ne. Aka kwantar da shi aka yi masa jinyar lantarki. Ya kashe kansa a Yulin 1961.

35/ Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka aka saki fayil ɗinsa. FBI sun buɗe shi tun 1942, kuma har kwanciyarsa asibiti tana ciki. Wannan bai nuna lafiyarsa ƙalau ba, yana fama da matsanancin ciwon damuwa da shaye-shaye. Abu biyu ne suka haɗu: yana da ciwo, kuma ana sa masa ido. Mutane sun ɗauka dole ɗaya ne.

36/ Ta biyu Martha Mitchell, matar tsohon ministan shari'a na Shugaba Nixon. A Yunin 1972, da aka fara badaƙalar Watergate, ta kira wata 'yar jarida don ta yi magana. Mai gadi ya fizge wayar daga bango, aka tsare ta a ɗakin otal a Kalifoniya, aka yi mata allurar barci. Mutanen fadar suka baza cewa mashayiya ce, kanta ba daidai ba.

37/ Nixon ya yi murabus a Agustan 1974. Mijinta ya tafi kurkuku. Ita ta rasu a 1976. Daga baya masanin halayyar ɗan'adam Brendan Maher ya sa sunanta a kan kuskuren da likita ke yi idan ya ɗauki gaskiyar mara lafiya a matsayin cuta don kawai ta yi kama da tatsuniya. Muna cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Wallahi a labarin matar nan ban ga zunubin a wurinta ba.

38/ Abin dariya, lokacin da titi ke rungumar kalmar, likitoci janye jiki suke yi. A 1987 littafin DSM na likitocin Amurka ya sauya wa cutar Kraepelin suna zuwa cutar kafaffen zato. A 2013 suka cire rukunin "mai faranoya" daga sikizofireniya, kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ma haka. Ita cutar kafaffen zato ba ta da yawa, kusan mutum 2 cikin 1,000 a tsawon rayuwa.

39/ Amma ɗan guntun abin kowa yana da shi. A 2008 Daniel Freeman da abokan aikinsa suka sa wa mutum 200 tabaran kwamfuta, suka shiga jirgin ƙasan Landan na bogi na minti huɗu. An tsara fasinjojin ba sa nuna so ko ƙi. Fiye da ɗaya cikin uku suka fito suna cewa wani ya harare su ko yana nufinsu da sharri. Mutane ne lafiyayyu irina da ku.

40/ Abubuwan da ke hura shi an san su: rashin barci, yawan damuwa, kaɗaici, jin kai ba komai ba ne, da taɓa fuskantar zalunci na gaske. Sai wiwi. A gwajin 2014 da mutum 121, kusan rabin waɗanda aka yi wa allurar sinadarin THC sun samu tunanin ana nufinsu da sharri, waɗanda aka ba na bogi kusan kashi 30. Masu cewa ganye ne kawai, ga shi nan.

41/ Hausa ta fi Turancin titi rarrabewa a nan, shi ya sa nake jin haushin yadda muke cusa komai a kalma ɗaya. Taka-tsantsan daban: wanda ya san an kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari a Maris 2022, ko ɗan ƙauyen da ya san akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto, in ya rage magana a shayi ba ciwo ba ne. Tsarguwa daban: ka ga sitatus ka ce da kai ake, gobe ka manta.

42/ Waswasi ma daban ne, kuma ana yawan haɗa su. Mai waswasi yana sake alwala sau goma, amma ya san tunanin ba daidai ba ne, yana faɗa da shi, yana jin kunya. Mai kafaffen zato ba ya kokwanto sam. Ka kawo masa hujja, hujjar ta zama shaida a kanka. Ka ce babu kowa a waje, ya ce ashe kai ma sun saye ka. Da'irar maƙiyan kullum faɗi take, daga maƙwabci zuwa mata zuwa uwa.

43/ A nan ne abin ke da haɗari a gidajenmu. Matashi ya daina cin abincin gida wai ana zuba masa wani abu, ya toshe taga, ya fasa waya, ya nuna wata tsohuwa a unguwa ya ce ita ce. Wani lokaci gari ya gaskata shi, tsohuwar ta shiga uku. Wani lokaci a ɗaure shi da mari. Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2019 kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a Najeriya, a gidajen magani da wuraren addini har da asibitoci.

44/ Kuma har Janairun 2023 dokar da ke kula da su ita ce dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawa, wadda tsarewa ta fi sani. Sai a lokacin aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta yi maganar haƙƙin mara lafiya da yardarsa.

45/ In akwai irin wannan a gidanku: kar ku yi ta musu da shi, ba a cin wannan gardamar. Kar kuma ku ce e gaskiya ne don a zauna lafiya. Ku kama abin da ku duka kuka yarda da shi, cewa yana cikin tsoro kuma ba ya barci, ku bi ta nan zuwa likita. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Akwai na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. In ya fara maganar cutar da kansa ko wani, ranar za a tafi, ba gobe ba.

46/ In kuma tsoho ne ya fara cewa ana gulmarsa a tsakar gida, ku sa a duba masa kunne da ido tukuna. Tun zamanin Kraepelin aka lura kurumta na jawo wannan: yana ganin bakuna suna motsi, ana dariya, shi ba ya jin komai. Wani na'urar ji kawai yake buƙata. In kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu, da zazzaɓi ko bayan sabon magani, wannan aikin sashen gaggawa ne.